Jan ƙarfe, alminiyam, zinare: me ya sa wata igiyar caji ke cika waya da wuri, wata kuwa sai zafi?

Duk wanda ya taɓa sayen igiyar caji a kasuwar Jega ko a bakin titin Aliero ya san wannan labarin: igiyoyi biyu, kala ɗaya, tsayi ɗaya, har kwalin ma iri ɗaya, amma kuɗin ɗaya ya ninka na ɗayar. Ka ɗauki mai arha, ka je gida ka jona, waya ta kwana a caji ba ta cika ba, bakin igiyar kuma ya yi zafi. Sau da yawa a kan ɗora laifin a kan batir ko kan caja, alhali matsalar tana cikin ƙarfen da roba ta lulluɓe.

Babu ƙarfen da ya fi kowane ƙarfe a komai. Wani ya fi saurin wuce da wuta amma yana da tsada, wani ba nauyi amma bai da ƙwari, wani ba ya tsatsa amma ba ya fitar da zafi. Kamfanin kirki yana zaɓen kowanne ne don aikin da ya dace da shi, mai ha'inci kuwa mafi arha yake nema ya shafa masa kala.

Mu fara da wuce da wutar lantarki. Idan aka ba jan ƙarfe maki 100, azurfa za ta samu kusan 105, zinare ɗan sama da 70, alminiyam kusan 61, baƙin ƙarfe kuwa bai kai 20 ba. Azurfa ce kan gaba ke nan, to amma wa zai iya yin wayarin gida da azurfa? Shi ya sa jan ƙarfe ya zama sarkin wayoyin wuta: ya kusa kamo azurfa, yana lanƙwasuwa sau da yawa bai karye ba, kuma yana karɓar liƙi a hannun mai gyara.

Alminiyam ba abin rainawa ba ne. Nauyinsa bai kai kashi ɗaya cikin uku na jan ƙarfe ba: murabba'in dunƙulen alminiyam mai santimita ɗaya ta kowane gefe giram 2.7 ne, na jan ƙarfe kuwa kusan giram 9. Idan ana son ya ɗauki wutar da jan ƙarfe ke ɗauka, sai an ƙara faɗin cikinsa da kusan kashi 60 cikin 100, amma duk da haka nauyinsa yana tsayawa ne a wajen rabi. Wannan ne dalilin da ya sa manyan wayoyin da ke kan dogayen turaku, irin layin da ke kai wuta daga Kainji zuwa Birnin Kebbi, ake yin su da alminiyam, galibi da zaren baƙin ƙarfe a tsakiya don ya riƙe nauyi. A can sama akwai fili, kauri ba matsala ba ne.

Matsalar tana farawa ne idan aka cusa alminiyam cikin siririyar igiya, aka shafa masa jan ƙarfe a baya don ya yi ja, aka sayar maka a matsayin jan ƙarfe zalla. Kaurin bai ƙaru ba, don haka wuta tana shan wahalar wucewa. Wani ɓangarenta yana zama zafi a hanya maimakon ya isa batir, ita kuma waya da ta ga ƙarfin wutar ya ragu sai ta rage saurin caji da kanta. Ga shi alminiyam ba ya jure yawan lanƙwasa: 'yan makonni kaɗan zaren ciki ya fara tsinkewa a wuyan igiya, ka koma sai ka karkata waya ka danne da littafi kafin ta ɗauki caji.

A kan igiyar waya, asarar ba ta wuce ɓacin rai da 'yan kuɗi ba. A kan sola abin ya fi haka. Gidaje da shagunan cajin waya da yawa a Jega da Maiyama da ƙauyukan kewaye sun koma sola, kuma ƙananan na'urorin yawanci a kan bolt 12 ko 24 suke aiki. Idan bolt ya yi ƙasa haka, wutar da ke bin waya tana da yawa, asarar bolt ɗaya ma babba ce. Sannan alminiyam yana da hali biyu marasa kyau a wurin ɗauri. Da zarar ya sha iska yakan yi wata siririyar fata da ba ta wuce da wuta, kuma idan aka matse shi da kusa, a hankali yakan saki. Ɗauri ya yi sako-sako, ya fara zafi, roba ta narke. A shagon da aka jera wayoyin mutane hamsin a kan katako, wannan ba ƙaramin haɗari ba ne.

Gane ta ba wuya, musamman wayar sola da ake yanka wa mutum da mita. Ka sa a fere maka bakin, ka kankare zare ɗaya da reza. Jan ƙarfe na gaske ja ne har ciki. Na jabu da ka kankare sai fari ya bayyana. Ka kunna masa ashana ko laita: zaren jan ƙarfe zai yi baƙi ko ya yi jajir amma yana nan a miƙe, don sai zafi ya kai digiri 1,085 yake narkewa, na alminiyam kuwa da ke narkewa a 660 nan take zai lanƙwashe ya zube. Akwai ma waɗanda baƙin ƙarfe ne aka shafa wa ja, su maganaɗisu ke tona musu asiri, don ba ya kama jan ƙarfe ko alminiyam. Sai dai a gwada zaren ciki, ba bakin da ake sokawa a waya ba, don shi ko a igiya mai kyau yana iya kama maganaɗisu. Idan ba a yarda ka yanka ba, ɗaga naɗin biyu ka ji: mai sauƙi kamar ba komai a ciki, ka yi hattara da shi.

To zinare fa? Tunda jan ƙarfe ya fi shi wuce da wuta, me yake yi a kan layin SIM da cikin ramin caji? Amsar ita ce ba ya tsatsa. Jan ƙarfe yakan dushe ya yi kore idan ya sha gumi da laima, azurfa takan yi baƙi, zinare kuwa yana nan yadda yake. Shi ya sa ake shafa shi siriri ƙwarai a wuraren da ƙarfe biyu ke taɓa juna. Duk zinaren da ke cikin waya ɗaya bai fi miligiram 30 da 'yan kai ba, sai ka tara waya wajen talatin kafin ka haɗa giram ɗaya. Masu sayen matattun wayoyi da kake gani suna yawo, allon ciki suke nema, kuma ribar sai an tara da yawa. Kada wani ya ruɗe ka ka ƙona allon waya a tsakar gida, hayaƙin guba ne.

Jikin waya kuma wani fagen ne. A 2023 Apple ya fito da iPhone 15 Pro da firam na titaniyam, Samsung ya biyo baya da Galaxy S24 Ultra a 2024. Titaniyam yana da ƙwari sosai, ya fi baƙin ƙarfe sauƙi da kusan kashi 40 cikin 100, ga shi ba ya tsatsa. Amma wajen fitar da zafi alminiyam ya ninka shi fiye da sau goma. A 2025 sai ga iPhone 17 Pro ya koma alminiyam. A ganina, ga mai zaune a Kebbi inda zafin Afrilu ke haura digiri 40, jikin da ke fitar da zafi ya fi amfani a kan sunan ƙarfe mai daɗin faɗa. Apple da kansa ya ce a yi amfani da iPhone a yanayin da bai wuce digiri 35 ba, ka ga mu nan tun kafin azahar mun ƙetare.

Zafin nan batir ya fi cutarwa. Litiyam shi ne mafi sauƙin duk ƙarafa, har yana iya yawo a kan ruwa, kuma yana saurin sakin wutar da ke jikinsa. Shi ya sa tun da Sony ya fara sayar da batirin litiyam a 1991 ya mamaye wayoyi da kwamfutoci. Wannan saurin nasa kuma shi ne haɗarinsa: batirin da ya kumbura, ko aka huda, ko aka bari a kan sit ɗin babur a rana, yana iya kamawa da wuta. Idan bayan wayarka ya fara ɗagowa, daina caji, kai wa mai gyara.

Kishiyarsa a harkar sola ita ce dalma, wadda ke cikin manyan batiran ruwa. Tana da arha a farko, amma nauyinta ya haura na baƙin ƙarfe, kuma ba a so a riƙa zuƙe batirin fiye da rabi, in ba haka ba ya mutu da wuri. Babban abin tsoro shi ne gubarta. Maƙwabtanmu na Zamfara ba za su manta da 2010 ba, lokacin da ƙurar duwatsun zinare masu haɗe da dalma, waɗanda ake niƙawa a cikin gidaje, ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Dalmar da ke cikin mataccen batir ita ce dai wannan. Kada a fasa shi a gida, kada a zubar da ruwansa inda yara ke wasa ko kusa da rijiya; a mayar wa dillalin da ke karɓar tsoho a canji.

Haka ma masu gyaran waya. Zaren liƙin da aka saba da shi haɗin kuza ne da dalma, yana narkewa a digiri 183, shi ya sa yake da daɗin aiki. Tun 2006 Tarayyar Turai ta taƙaita amfani da dalma a kayan lantarki, don haka allunan wayoyin yanzu da liƙi marar dalma suke zuwa, wanda sai zafi ya kai wajen digiri 217 yake narkewa. Wannan ne ya sa sabon allo ke yi wa mai koyo gardama. Wanda har yanzu yake aiki da mai dalma, ya daina riƙe zaren da haƙori, kuma ya wanke hannu da sabulu kafin ya sa hannu a kwanon abinci.