Kin samu gurbin karatun zane? Ga abin da ke jiranki a zangon farko

Kamar kullum, ga rubutaccen shirin wannan makon saboda waɗanda data ba ta bari sun saurara ba.

Wata ƙanwarmu ce ta turo min saƙo. Ta samu gurbi a sashen zane-zane, amma tun da ta ga sunanta gabanta ke faɗuwa. Ta ce: "Yaya, me za su nema a wajena a kwas ɗin zane na shekarar farko? Ni fa ban iya zana fuska ba, ga yara can a Instagram suna zana mutum kamar hoto." To ƙanwata, gyara zama. Da ke nake, amma mai shirin karanta zanen gine-gine ko zanen yadi shi ma ya matso, don kusan duk ta wannan ƙofar ake shiga.

Bari in fara da abin kunyata, ko hankalinki ya kwanta. Ni da girman kai na shiga aji. Tun ina sakandare nake zana 'yan fim da 'yan ƙwallo: in ɗauko hoto, in ja masa layuka gida-gida, in bi in kwafe. Kaf unguwarmu an san ni. Ranar farko na zo da fayil ɗina cike, malamin ko buɗe shi bai yi ba. Ya ɗora tulu da buta da wani kwalin taliya a kan teburi a tsakiyar ɗaki, ya ce awa uku. Na ce a raina, wannan ai raini ne. Da ya zagayo kaina ya daɗe a tsaye, sannan ya ce, "Tulun nan naka a kan teburi yake ko a iska?" Na duba, wallahi shawagi yake. Bakinsa kuma na zana shi zagaye cif kamar faifai, alhali daga inda nake zaune kamar ƙwai a kwance yake fitowa. Kaina ya san bakin tulu zagaye ne, sai hannuna ya bi kaina ya bar idona. Yarinyar da ke gefena, wadda ba ta taɓa zana ko kaza ba, ta fi ni maki, don ita ta tsaya ta auna.

Kin gane inda matsalar take? Hoto an riga an gama masa aiki mai wuyar. Kyamara ta ɗauki abu mai gaba da baya da zurfi ta shimfiɗe shi, kai sai kwafa. A wannan kwas ɗin idonki ne zai yi aikin kyamarar. Shi ya sa ba wanda zai tambaye ki baiwa a bakin ƙofa. Gani za a koya miki, kuma abu ne da ake koyo kamar tuƙi.

Kayan aiki kada su tsorata ki, kuma kada ki kashe kuɗi kafin malami ya ba da jerin nasa. Amma waɗannan da wuya a rasa su: fensir HB da 2B da 4B da 6B. Harafin H na nuna tauri, B na nuna laushi da baƙi, kuma lambar na hawa baƙin na ƙaruwa. Sai gawayin zane, magogi, reza ta fiƙa, salatif na takarda, allon katako da za ki manna takarda a kai, da takardu manya, A3 ko A2. A2 ɗin nan santimita 42 ne a 59 da 'yan kai, kuma ranar da kika fara tsayawa gabanta za ki ji kamar fili aka ba ki ki nome. Allon kuwa kafinta zai yanko miki da falanki, ba sai na kanti ba. Zanen gawayi yana gogewa, don haka akwai maganin da ake fesa masa. Mu da aljihu ya yi sanyi, na fesa gashi muke saye.

Abu na farko da za a ƙwace miki shi ne riƙon fensir irin na rubutu. Za a ce ki kama shi ta sama, nesa da tsininsa, layi ya taso daga kafaɗa, ba daga 'yan yatsu ba. Mako biyu za ki ji kamar da hagu kike aiki. Daga nan sai awo, wanda ni a ganina shi ne rabin kwas ɗin. Ki miƙe hannu gaba ɗaya, ki rufe ido ɗaya, ki daidaita tsinin fensir da saman buta, ki sa babban yatsa a inda gindinta ya tsaya. Wannan tsawon ya zama mudunki. Tulun buta nawa ne a tsaye? Faɗin kwalin buta nawa ne? Sharaɗin ɗaya ne, kada gwiwar hannu ta lanƙwashe, don tana lanƙwashewa mudun ya canja. Za a kuma sa ki zana sararin da ke tsakanin abubuwa, kamar ramin da ke cikin mariƙin buta. Kanki bai haddace siffar wannan ramin ba, saboda haka ba shi da ƙaryar da zai yi miki.

Sai ƙa'idar nisa da kusa. Tsaya a kan layin dogo ki hanga, za ki ga ƙarafan biyu kamar sun haɗu a can gaba, a daidai tsayin idonki. Masu zanen Italiya ne suka mayar da wannan lissafi, wani mai suna Alberti ya rubuta shi a littafi a 1435, kuma har yau shi za a tura ki barandar makaranta ki yi ta yi. Haske da inuwa ma haka: ki ɗan kanne idanu, ƙananan abubuwa su ɓace, ki fara neman inda ya fi duhu da inda ya fi haske. Kuma don Allah a rage murza fensir da yatsa. Malamai da yawa suna gani suke ɓata rai, don sun san kuskure ake binnewa.

Akwai zanen mutum, gara in faɗa miki tun yanzu. Za a zaunar da wani a gaba, wani lokaci minti ɗaya kacal ya canja tsayuwa, ki kamo yadda nauyin jikinsa ya karkata kafin ki yi tunanin ido da hanci. A nan za ki ji cewa tsayin baligi kusan kai bakwai da rabi ne. A inda na yi karatu, mai zaman da kayansa yake zama. Idan ke ko mutanen gida kuna da damuwa a kan zana mai rai, ki je sashen ki tambayi yadda suke yi, a yi maganar a gida tun kafin a biya kuɗin rajista. Na ga wanda bai yi haka ba, sai a tsakiyar shekara rigima ta tashi, ya bar karatun.

Yanzu abin da ya fi kayar da mutane. Wannan ba kwas ba ne da za ki ari littafin ƙawa ki kwafe ana gobe jarrabawa. Jami'o'inmu da yawa suna sharɗanta halartar kashi 75 cikin 100 kafin a zauna jarrabawa, to a nan ko ba dokar, aikin da ba ki yi a ɗakin zane ba babu shi. Ga littafin zane na hannu da za a ce ki riƙa cikawa a tasha, a kasuwa, a ɗakin kwana. Wasu suna bari sai daren da za a karɓa su zana shafi talatin. Malami yana buɗewa yake ganewa, don hannun dare ɗaya bai yi kama da hannun wata uku ba. Ki sa kwanan wata a kowane shafi, kuma kada ki yage munanan. Su ne shaidar daga inda kika taso, kuma akwai maki a kan wannan tazarar.

Sannan ranar liƙe aiki a bango. Kowa zai manna nasa, a zagaya ana magana a kai a gaban kowa. Ranar farko sai da na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ki riƙe biro ki rubuta abin da aka ce, ki daina kare kanki da "ai haka na so ya fito". Mu duka mun faɗi wannan, ba wanda aka yarda da shi.

Na san za ki ce, to ina salona? Ina zanen lalle da na dagi da nake so? Wannan ƙorafin ya girme mu. A 1958 wasu ɗalibai a kwalejin Zariya, wadda daga baya ta zama Jami'ar Ahmadu Bello, suka kafa ƙungiya saboda ganin tsarin Turawa kaɗai ake koya musu. Cikinsu akwai Uche Okeke, Demas Nwoko, Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya. Okeke ya koma ya ɗauko zanen uli na ƙasar Ibo ya gina aikinsa a kai. Amma duba ayyukansu da kyau, awon nan da aka wahalar da su a kansa yana ciki. Ajiye dagin naki a littafin hannu, shekara ta biyu da ta uku na nan tafe.

Kafin a buɗe makaranta ga aikin da na ba ki. Ɗauko butar gidanku ki ajiye kusa da taga. Minti ashirin kullum, ki zana ta daga wani gefe daban, ba waya, ba magogi, har kwana goma sha huɗu. Ki turo min ta ranar farko da ta ranar ƙarshe. Duk wanda ya yi shi ma ya turo. Sai mun haɗu a shiri na gaba, a huta lafiya.