Hasashen Makomar Kwamfuta: Abin da Ɗan Kasuwar Bauchi Zai Lura Kafin ya Zuba Jari

BAUCHI – Masu iya magana sun ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Amma ga mai sayar da kwamfuta ko wayar salula a unguwar Wunti, gane Larabar ba ƙaramin aiki ba ne, domin kayan da ya saro a bana za su iya zama tsohon yayi kafin baɗi, jarinsa kuwa ya kwanta a kan kanta.

Hasashen da ya fi daɗewa yana ci a wannan fanni shi ne na Gordon Moore, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin Intel. A 1965 ya ce yawan ƙananan sassan da ake cusawa cikin ƙwaƙwalwar na'ura zai riƙa ninkawa kowace shekara, a 1975 kuma ya mayar da shi duk shekara biyu. Ƙwaƙwalwar da Intel ya fitar a 1971 tana da taransista 2,300, na yau kuwa suna da biliyoyi. Ma'anar wannan a harkar ciniki ita ce, kwamfuta ba gero ba ce da za a ɓoye a rumbu a jira tsada.

Sai dai sanin ƙarfin na'ura daban, sanin abin da jama'a za su yi da ita daban. Lokacin da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta yi gwanjon lasisin wayar salula a watan Janairun 2001 a kan dala miliyan 285 kowane, layukan tarho masu aiki a Nijeriya ba su kai rabin miliyan ba. Yau sun haura miliyan 100 nesa ba kusa ba. Wannan bunƙasa ce ta ci kasuwar masu rumfunan buga waya, daga bisani ta ci ta shagunan shiga intanet.

Kazalika, Babban Bankin Nijeriya ya ƙaddamar da kuɗin eNaira a watan Oktoban 2021, amma bai samu karɓuwar da aka zata ba. Da ƙarancin takardun kuɗi ya tsananta a farkon 2023, wajen masu POS da tura kuɗi ta waya jama'a suka nufa.

Darasin shi ne ra'ayin mutum ɗaya ko hukuma ɗaya bai isa abin dogaro ba. Tun a shekarun 1950 cibiyar bincike ta RAND da ke Amurka ta fito da wata hanya da ake kira Delphi. Akan tambayi masana da dama, kowa ya ba da amsa ba tare da an bayyana sunansa ba, a tattara amsoshin a mayar musu, kowa ya sake dubawa, har ra'ayoyin su kusanci juna. Amfanin ɓoye suna shi ne ƙarami ba zai ji nauyin saɓa wa babba ba, abin da kan hana gaskiya fitowa a tarukanmu.

Bauchi ba ta rasa mutanen da za a tambaya ba. Akwai malaman Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa, da na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya, ga kuma masu gyaran waya, waɗanda su ne kan fara sanin samfurin da ke saurin lalacewa. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa za su iya haɗa waɗannan ra'ayoyi da kuɗi kaɗan.

Tambayoyin da suka kamata ba su wuce uku ba. Na farko, ina farashin dala ya dosa, tun da kusan duk kayan daga waje ake shigo da su, kuma sakin darajar naira a watan Yunin 2023 ya tsawwala farashinsu? Na biyu, yaya wutar lantarki za ta kasance, domin ita ce ke nuna ko kasuwar batir da faifan hasken rana za ta ci gaba da haɓaka? Na uku, yaushe talaka zai iya sayen wayar 5G, wadda aka yi gwanjon lasisinta tun Disamban 2021?

Ɗan kasuwar da ya samu amsoshin nan daga bakuna da yawa, ya kuma saro kaɗan-kaɗan, ko hasashe ya saɓa, asararsa ba za ta kai ga uwar kuɗi ba.