Yadda sunan Zamfara ya isa Roma ana tsakiyar yaƙi

Daga 1494 zuwa 1559, Faransa da Sifen sun mayar da Italiya fagen fama, kowacce na kwaɗayin Milan da Naples. Ana cikin wannan rikici aka kamo Hassan al-Wazzan, wanda Turawa ke kira Leo Africanus, aka kai shi Roma. A 1526 ya kammala littafinsa kan Afirka, shekara guda kafin sojojin Sarki Charles na Biyar su wawushe birnin.

Cikin ƙasashen da ya lissafa har da Zamfara, Kano da Katsina. Ya ce Askiya na Songhai ne ya kashe sarkin Zamfara da guba. Wasu masana na tantamar wannan labari, amma dai Turawa sun karanta sunan Zamfara tun ba a kafa Gusau ba.