Kare ko karya: Wanne ya fi dacewa da farauta da gadi a arewacin Zamfara?

Daga Kurya Madaro a ƙaramar hukumar Ƙaura Namoda har zuwa ƙauyukan Shinkafi da Zurmi, kiwon kare ya daɗe da zama wani ɓangare na sana'a. Da zarar an gama girbi, kaka ta wuce, sai samari su fita farauta a ƙungiya, karnuka na gaba suna tayar da zomo da gada da zabin daji. Yau tsoron 'yan bindiga ya sa shiga dazuzzuka irin su Dumburum ya zama kasada, shi kuwa kare aikinsa ya ƙaru: bayan farauta a kusa da gari, shi ne ke fara jin motsin baƙo da tsakar dare.

Wannan ya sa tsohuwar tambayar masu kiwo ta sake samun nauyi. Idan karya ta haihu aka ce mutum ya zaɓa, namiji zai ɗauka ko mace?

Abin da namiji ke bayarwa

A yawancin jinsunan karnuka, namiji ya fi mace girma da nauyi, kuma ba shi da hutun ciki ko na shayarwa, don haka ana iya fita da shi duk tsawon rani. Ga mafaraucin da ke son karen da zai riƙe abin da aka tayar har a iso, wannan riba ce.

Sai dai namiji yana da nasa aibin. Yana iya sansano karyar da ke neman barbara daga nesa, kuma idan hakan ta faru yakan bar gida ya yi kwanaki yana bin ta. A can yake faɗa da wasu mazan, ya dawo da rauni. Ga gidan da ya dogara da haushinsa, kowane dare da ya kwana a waje dare ne da babu mai tsaro. Haka nan haɗa maza da yawa a ayari ɗaya na farauta yakan jawo rikicin neman fifiko a tsakaninsu.

Abin da mace ke bayarwa

Karya ba ta cika yawo kamar namiji ba, kuma rashin nauyinta yana taimaka mata wajen juyi a bayan zomo. Matsalarta lissafin kwanaki ce. Yawancin karnuka mata suna neman barbara sau biyu a shekara, kowane karo na ɗaukar mako biyu zuwa uku, ko da yake wasu jinsunan yankin Sahel, kamar Azawakh na Nijar da Mali da Burkina Faso, sukan yi sau ɗaya kawai. Cikin karya yana ɗaukar kimanin kwana 63, shayarwa kuma mako 6 zuwa 8.

A auna wannan da lokacin farauta. Karyar da aka yi wa barbara a watan Disamba za ta haihu a Fabrairu, ba za ta yaye 'ya'yanta ba sai wajen Afrilu. Ke nan ranin ya wuce ba ta yi aikin kirki ba. Amma mai ita ya samu abin da mai namiji ba zai samu ba: kwiyakwiyai daga tsatson da ya sani, waɗanda zai horar ko ya sayar.

Ana iya yi wa namiji fiɗiya ko a cire wa mace mahaifa, abin da ke rage yawo da haihuwa barkatai. Tiyatar mace aiki ne na likitan dabbobi, irin wanda ake yi a asibitocin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato da Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya. Ga mutumin ƙauye da ke tunanin hanya kafin ya yi tunanin kuɗi, wannan zaɓi ba mai sauƙi ba ne.

Yadda ƙwararru ke kallon lamarin

A Turai, inda aka mayar da aikin kare wasan gasa, an daɗe ana wannan muhawara. Gasar da ake kira IGP, wadda ta samo asali daga Jamus a farkon ƙarni na 20, tana gwada kare a fanni uku: bin sawu, biyayya da kariya. Maza da mata suna shiga gasa ɗaya da ma'auni ɗaya; karyar da ke neman barbara kawai ake ware wa, ta fito a ƙarshe don kada ta ɗauke hankalin saura. 'Yan sanda da sojoji a ƙasashe da dama su ma suna aiki da maza da mata.

Darasin shi ne bambancin da ke tsakanin kwikwiyo da kwikwiyo ya fi wanda ke tsakanin namiji da mace yawa. Mai zaɓe ya fara da kallon uwa da uba: suna farauta? Suna haushi idan sun ji baƙo, ko ɓuya suke yi? Sannan ya kalli kwikwiyon kansa, ko yana bin abin da aka jefa, ko yana saurin dawowa hayyacinsa bayan ƙara ta firgita shi. Makonni 3 zuwa 12 na farkon rayuwa su ne lokacin da kwikwiyo ke sabawa da mutane da dabbobin gida. Wanda aka bari ya tashi ba kulawa a wannan lokaci, ko namiji ne ko mace, wuya ya zama abin dogaro. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ta fuskar addini kuwa, malaman mazhabar Malikiyya sun halasta riƙe kare don farauta da tsaron gona da dabbobi, kuma aya ta 4 a Suratul Ma'ida ta yi magana kan abin da horarriyar dabbar farauta ta kamo. Sharaɗin horo ne, ba a ware namiji ko mace ba.

Haɗarin da ba a cika magana a kai ba

Duk wanda aka zaɓa, akwai ciwon haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yana kashe kimanin mutum 59,000 duk shekara, kashi 95 cikin 100 a Afirka da Asiya, kuma kusan kashi 40 cikin 100 na waɗanda abin ke shafa yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Namiji mai yawo da faɗa yana iya kwaso cutar ya kawo gida. Mace mai haihuwa ba tsari tana ƙara yawan karnukan da ba su da mai su.

Ana yi wa kwikwiyo allurar rigakafi tun yana wata uku, kuma Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato tana samar da ita. Masana sun ce idan aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan wani yanki, yaɗuwar cutar tana katsewa. Wanda kare ya ciza kuwa, ya wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, ya garzaya asibiti ba tare da jiran alama ba, domin idan alamun suka bayyana kusan babu mai tsira.

A nan maganar ta zama ta hukuma. Gwamnatin Zamfara ta ƙaddamar da Askarawan Zamfara a Janairun 2024 don tsaron al'umma, amma karen da ke gadin ƙauye shi ma yana buƙatar ma'aikacin lafiyar dabbobi ya iya isa inda yake. Tambayar da ya kamata matasan Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi su yi wa shugabannin ƙananan hukumominsu ita ce: yaushe aka yi rigakafin karnuka na ƙarshe a mazaɓarmu, kuma nawa aka ware wa na gaba?

Ga mai zaɓe, amsar ta danganta da aikin. Mai farauta duk rani da ba ya son kiwo, namiji zai fi masa. Mai neman gadin gida da kuma iri na gaba, mace, muddin zai iya killace ta makonnin barbara. A kowane hali, ya ga iyayen kafin ya ɗauka, ya kuma kai kwikwiyon allura kafin ya fara koya masa bin sawu.