Juma'a, Asabar, Lahadi: Besbol a Jami'o'in Amurka

Wanda ya saba da ƙwallon ƙafa ya san minti 90 ne ke raba gardama. A besbol ɗin jami'o'in Amurka sai an kwana uku ana abu ɗaya. Ƙungiyoyi biyu kan kara sau uku a jere a fili guda, Juma'a da Asabar da Lahadi, wadda ta ci biyu ita ce ta tashi da makon, in kuwa ta cinye ukun sai a ce ta yi shara. Ana buɗe kaka a tsakiyar Fabrairu, hukumar NCAA kuma ta ƙayyade wa manyan jami'o'i wasa 56 kafin gasar ƙarshe. Akwai na ranar Talata ko Laraba, amma ba su ne ke hana magoya baya barci ba.

Dalilin wannan tsari yana hannun mai jifa. A besbol, mutum ɗaya ne ke tsayawa a kan ɗan tudu yana wurga ƙwallo ga mai riƙe da sanda, jifa kusan ɗari a wasa guda, da gudun da kan haura kilomita 140 a awa. Kafaɗa da gwiwar hannu ba sa jure wannan kullum, saboda haka babban mai jifa sau ɗaya yake fita a mako. Koci kan ajiye gwaninsa don daren Juma'a, na biyu ya fito Asabar, ranar Lahadi kuwa a nan asirin ƙungiya ke tonuwa, domin sau da yawa ɗan shekarar farko ake turawa, ko a yi ta sauya hannu har a ga abin da hali ya yi. Ƙungiya mai gwani ɗaya tak tana iya cin Juma'a ta rasa makon.

Wannan lissafi magoya baya ke yi tun daga Litinin. Wa zai yi jifan Juma'a? Wane ne aka gajiyar ranar Talata? Hannun wane ya warke? A 2023, lokacin da Paul Skenes ke jifan Juma'a a jami'ar LSU da ke Baton Rouge, jihar Luwiziyana, ƙwallonsa kan kai kilomita 160 a awa, kuma magoya bayan abokan hamayya kan sallama daren tun kafin a fara, su koma tunanin Asabar. A shekarar ce ƙungiyar Pittsburgh Pirates ta ɗauke shi na farko cikin dukan sababbin 'yan wasa. Bayan masu jifa sai sararin sama: ba a wasan cikin ruwa mai ƙarfi, don haka in hadari ya haɗo ana iya cusa wasa biyu a rana ɗaya, lissafin koci ya wargaje. Jami'o'in arewa ma, saboda dusar ƙanƙara, a kudu suke cinye makonnin farko a matsayin baƙi.

A kudun ne abin ya zama biki, musamman a rukunin SEC, inda kowace ƙungiya ke yin irin wannan karawa sau goma a kaka. Filin Dudy Noble na jami'ar Mississippi State da ke Starkville ya fi ko'ina suna. Tun shekarun 1960 mutane ke jan tsofaffin motoci da akori-kura zuwa bayan shingen hagu, su kafa katako a kai, su hura gawayi. Da aka sake gina filin aka buɗe shi a 2019, an kwashe motocin amma an bar wa masu gashi rumfunansu. Hayaƙin nama na ratsa fili ana tsakar wasa, kuma al'ada ce a miƙa wa ɗan wasan baƙi faranti ta saman shinge bayan an gama yi masa tsiya. Ran 15 ga Afrilu 2023, da maƙwabtansu Ole Miss suka zo, mutum 16,423 suka shiga filin, adadin da ya yi wa ƙaramin gari kamar Starkville yawa ƙwarai.

A ganina tsarin ya fi wasa ɗaya adalci, domin sa'a ba ta cika bin mutum kwana uku ba. Hukumar ma da shi take rufe kaka. Ƙungiya 64 ke shiga gasar ƙarshe, takwas su isa Omaha a jihar Nebraska, inda ake yin ta tun 1950, biyun da suka rage kuma su kara har sai ɗaya ta ci wasa biyu cikin uku. A karawar ƙarshe ta 2023 jami'ar Florida ta lallasa LSU da ci 24 da 4 a wasa na biyu. Washegari LSU ta rama da 18 da 4, ta ɗauki kofin.