Daga projen Keita zuwa yau: me ƙasa ke nema idan ta ba wata agaji?

Duk wanda ya bi hanyar Tawa zuwa Keita zai ga jerin duwatsu kwance a jikin tuddai, da itatuwa tsaye inda a da fako ne. Aikin projen Keita ke nan, wanda aka soma a 1984 da kuɗin ƙasar Italiya. Hukumar FAO ce ta tafiyar da shi, PAM kuma ta riƙa ba ma'aikata abinci a matsayin lada. Galibin masu ɗaukar duwatsun mata ne, don maza da yawa sun tafi bida.

Shekarar ma abin lura ce. A 1984 aka yi yunwar da mutane ke kira El Buhari, saboda ta zo daidai lokacin da Janar Muhammadu Buhari ya rufe iyakokin Najeriya. A watan Mayu na wannan shekara kuma gwamnatin Seyni Kountché ta kira taron Maraɗi kan yaƙi da hamada. Nijar na neman abokan aiki ido rufe, ita kuwa Italiya, wadda ba ta taɓa mulkin ko taƙi ɗaya na ƙasar nan ba, tana neman wurin zama a Sahel, inda Faransa ta riga kowa shimfiɗa tabarma. Bukatun biyu suka haɗu a Adar. Daga baya aikin ya faɗaɗa har Buza da Abalak.

Haka agaji tsakanin ƙasashe yake tafiya. Diflomasiyya ita ce maganar da jakadu da ministocin harkokin waje ke yi, agaji kuwa yana cikin abin da suke riƙe da shi a hannu yayin maganar. Mai bayarwa na iya neman kasuwa, ko ƙuri'a a Majalisar Ɗinkin Duniya, ko a tare masa baƙin haure tun daga nesa. Wannan bai rage darajar aikin ba. Layukan dogon yaro da ƙungiyar CARE ta Amurka ta fara dasawa a kwarin Majiya tun 1975 sun kare gonaki daga iska, kuma manomin Buza bai bukaci sanin lissafin Washinton ba kafin ya amfana.

Amma lissafin yana nan. Italiya ba ta buɗe ofishin jakadanci a Yamai ba sai a 2017, lokacin da hanyar Agadez zuwa Libiya ta hana ta barci, sojojinta kuma suka biyo baya a 2018. Kafin nan Nijar ta kafa dokar 2015-36 mai hukunta masu safarar baƙin haure, kuɗin Tarayyar Turai kuma suka ƙaru.

Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 aka ga ɗaya fuskar. Faransa da Tarayyar Turai sun dakatar da tallafin kasafin kuɗi, Cedeao ta rufe iyakoki, Najeriya ta yanke wuta. A Madawa, masu albasa da ƴan kasuwar da suka dogara da iyakar kudu ba sai an yi musu bayani ba. A watan Oktoba gwamnati ta zaftare kashi 40 cikin 100 na kasafin 2023. Yamai ita ma ta yi amfani da abin da ke hannunta: ta soke dokar 2015-36 a watan Nuwamba, sojojin Faransa suka fice a Disamba, na Amurka a 2024. Na Italiya kuwa ba a sallame su tare da su ba. Ba za a ce duwatsun Keita ne kaɗai dalili ba, amma ƙasar da ta shekara arba'in tana aiki a karkara ba tare da tarihin mulkin mallaka ba, da wani kunne ake sauraronta.

Abin da ya kamata ya dami mutanen Keita, Buza da Madawa shi ne gyara. Mai ba da kuɗi yana son sabon aiki da za a kafa wa allo mai tutarsa, ba kasafai yake biyan kuɗin kwashe yashin da ya cike tsohuwar madatsa ba. Idan proje ya naɗe kayansa, wannan nauyi kan gundumomi da kwamitocin ƙauyuka yake faɗawa, kuma kuɗin da suke tarawa daga harajin kasuwa bai kai na hayar babbar mota mai haƙa ba.