Sandar Dogarawa da Lafiyar Mai Riƙe da Ita

 

Da wuya a sami zuri'ar da ba ta da mutum ɗaya mai tafiya da sanda: ko dattijo da gwiwa ta gaza, ko matashi da ya karye a haɗarin kabu-kabu, ko wanda shan-inna ta taɓa tun yana goye, ko wanda ciwon sukari ya sa aka yanke masa ƙafa. Abin da muka saba yi shi ne mu sayo sanda a kasuwa ko mu aro ta wajen maƙwabci, mu miƙa wa mai lalurar, mu ɗauka mun sauke nauyi. Alhali kuwa sandar da ba ta dace da jiki ba tana iya haifar da sabon ciwo a hannu da kafaɗa, har ta kai mutumin da ya rasa ƙafa ɗaya ga rasa amfanin hannuwansa. Wannan ne ya sa muka ga ya kamata mu tattauna a kan sassa biyu na sandar da ba a cika kula da su ba: abin da ke shanye girgizar bugun ƙasa, da kuma gaɓar da ke juyawa a gindinta.

Daɗaɗɗen kaya

Dogara sanda tsohon al'amari ne. Alƙur'ani mai girma ya ambaci sandar Annabi Musa (AS) a Suratu Ɗaha, da sandar Annabi Sulaimanu (AS) a Suratu Saba'i. A ƙasar Masar an tono wani dutse da aka sassaƙa fiye da shekara 3,000 da suka wuce, ɗauke da siffar wani mai tsaron ƙofa da ƙafarsa ɗaya ta shanye, yana dogare da sanda. Masana da yawa suna ganin alamar shan-inna ce. Ƙarni bayan ƙarni sandar ba ta sāke ba, itace ne kawai da ake tokarawa a hammata. Sai a lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, da sojoji masu raunuka suka yi yawa, wani injiniya Bafaranshe mai suna Emile Schlick ya fito da sandar da ake zura damtse a ciki, ya sami takardar mallakar fasaharta a shekarar 1917. Ita ce wadda ake kira canne anglaise da Faransanci. Daga baya, a ƙarshen shekarun 1980, wani Ba'amurke mai suna Thomas Fetterman, wanda shi kansa shan-inna ta kama shi yana yaro, ya ƙera gindin sanda mai taushi a ciki, bayan ya sha fama da ciwon kafaɗa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF sun bayyana a rahotonsu na shekarar 2022 cewa fiye da mutum biliyan 2 da rabi a duniya suna bukatar wani kayan taimako, kamar sanda ko keken guragu ko tabarau ko na'urar ji, kuma kusan biliyan 1 daga cikinsu ba su samu ba. A nahiyarmu, an tabbatar da kawar da ƙwayar shan-inna ta asali a ranar 25 ga Agusta, 2020, ko da yake har yanzu rigakafi wajibi ne a kan kowane yaro. Amma waɗanda cutar ta riga ta taɓa suna nan tare da mu, da yawansu yanzu magidanta ne, kuma kafaɗunsu sun yi shekara talatin ko arba'in suna aikin da ƙafa ya kamata ta yi.

Abin da ke faruwa idan sanda ta bugi ƙasa

Allah cikin hikimarSa Ya halicci ƙafa da abubuwan da ke kare ta daga wahalar tafiya. A dunduniya akwai kitse mai kauri kamar gammo. Tafin ƙafa yana da lanƙwasa wadda ke buɗewa ta koma. Idon sawu yana karkata ta kowane ɓangare, gwiwa kuma tana ɗan durƙusawa a kowane taku. Saboda haka ne mutum ke yini yana tafiya bai ji bugun ƙasa a ƙashinsa ba.

Sandar ƙarfe ko ta itace ba ta da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Duk wadda ta taɓa yin daka ta san yadda taɓarya ke maido da girgiza zuwa hannu idan ta bugi turmin da ba hatsi a ciki. Haka sanda take: idan ta sauka a kan kwalta ko siminti, bugun yana hawowa ta tafin hannu, ya ratsa wuyan hannu da gwiwar hannu, ya dire a kafaɗa. Sau ɗaya ba komai ba ne, amma mai sanda yana maimaita shi sau dubbai a kowace rana. Sannan wanda ke lilo da jikinsa tsakanin sanduna biyu yana kashe ƙarfi kusan ninki biyu na mai tafiya da ƙafafunsa.

Daga nan matsaloli sanannu suke fitowa. Jijiyar da ke bi ta wuyan hannu tana matsuwa, yatsu su riƙa sanƙarewa, musamman da dare. Jijiyoyin kafaɗa suna kumbura ko su yage, har ɗaga hannu don kabbara ya zama aiki. Wanda kuma ya saba rataye nauyinsa a hammata yana danne wata babbar jijiya da ke bi ta wurin, sai wata rana ya ga hannun ya saki, ba ya iya ɗaga wuyan hannunsa. Sau da yawa a kan danganta wannan da iska ko sammu, alhali sanadin yana nan a ƙarƙashin hammata. Idan aka gane da wuri aka gyara sandar, galibi hannun yakan dawo. Idan aka yi sakaci, yana iya daɗewa.

Hanyoyin shanye girgiza

Hanya ta farko, kuma mafi sauƙi, ita ce robar da ke gindin sanda. Roba mai kyau tana da kauri, tana da zane-zane a ƙasanta kamar na tayar mota, kuma a cikinta akwai ƙaramin faifan ƙarfe wanda ke hana bakin bututun sandar huda ta. Wasu ana cusa musu wani abu mai danƙo a tsakiya, wanda ke lotsawa idan nauyi ya sauka, ya taso idan an ɗaga.

Hanya ta biyu ita ce a sa sifirin, wato murɗaɗɗen ƙarfe mai motsi irin wanda ke ƙarƙashin sirdin keke, a cikin bututun sandar. Idan mutum ya dogara, sandar tana ɗan gajarta, sai bugun ya iso hannu a hankali. Hanya ta uku ita ce a ƙera ƙafar sandar a lanƙwashe kamar baka, da wani abu marar nauyi mai ƙarfi, yadda za ta tanƙwara ta miƙe da kanta.

Sai dai kowace tana da nata aibi. Sifirin yana ƙara wa sanda nauyi da tsada. Idan ya yi taushi da yawa ga nauyin mai shi, sandar takan riƙa nutsewa, mutum ya kasa sakin jiki da ita, musamman tsoho ko mai jiri. Idan ya yi tauri, tamkar babu shi. A ƙasa irin tamu kuma, rairayi da ƙurar hunturu suna shiga ciki su cinye shi. Don haka wanda zai riƙe sanda na sati shida kafin karaya ta ɗoru, roba mai kyau ta ishe shi. Wanda zai rayu da ita tsawon rai, shi ne ya fi cancanta a kashe kuɗi a nema masa mai shanye girgiza, bayan shawarar likita ko mai gyaran gaɓoɓi.

Gaɓar da ke juyawa

Sanda ba ta sauka a ƙasa a miƙe. Mai ita yana jefa ta gaba a karkace, jikinsa ya wuce ta, sannan ta bar ƙasa a karkace ta baya. Ke nan a farkon taku da ƙarshensa gefen robar kawai ke taɓa ƙasa, kuma a waɗannan lokuta biyu ne ake zamewa. Shi ya sa za ka ga robar tsohuwar sanda ta cinye ta gefe ɗaya.

Maganin da maƙera suka samo shi ne su kwaikwayi idon sawu. Wasu suna sa dunƙulen ƙarfe cikin gurbi, kamar yadda kan ƙashin cinya ke zaune a ƙugu, sai sandar ta karkata yadda take so, tafinta kuwa yana manne da ƙasa. Wasu kuma suna yi wa robar siririn wuya mai lanƙwasawa, wanda ba shi da ƙarfen da zai yi tsatsa ko ya cika da ƙasa. Wannan ya fi dacewa da mu. Akwai kuma masu faɗin tafi, waɗanda ba su nutsewa a yashi, kamar tafin raƙumi. Ga mutanen Damagaram da Agadas da ƙauyukan Tawa, faɗin tafi ya fi kowace dabara amfani.

Haka batun yake ga sauran kayan tafiya. Ƙananan tayoyin gaba na keken guragun asibiti, masu juyawa ko'ina, an yi su ne don daɓe mai santsi. Da zarar sun shiga yashi sai su kafe. Shi ya sa keke mai ƙafa uku, wanda masu waldarmu ke haɗawa da tayoyin keke, ya fi shi aiki a titunan Maraɗi da Yamai. A ƙasar Indiya ma, a shekarar 1968, likita P. K. Sethi da wani gwanin sassaƙa mai suna Ram Chandra Sharma sun ƙera ƙafar roba da ake kira ƙafar Jaipur, saboda sun ga ƙafafun da ake kawowa daga Turai ba su barin mutum ya tsuguna ko ya harɗe ko ya taka ƙasa ba takalmi. Darasin a nan shi ne, kayan da ya dace shi ne wanda aka yi wa ƙasar mutum da irin zamansa.

Abin da iyali za su kula da shi

Babu dabarar da za ta amfana idan tsawon sandar bai yi daidai ba. Mai lalurar ya tsaya da takalmin da ya saba sawa, gindin sandar ya kasance kamar santimita 15 daga gefen ƙafarsa. Tsakanin hammata da kan sandar a bar faɗin yatsu biyu zuwa uku. Mariƙin ya zo daidai wuyan hannu idan an saki hannun, yadda gwiwar hannu za ta ɗan lanƙwasa in an riƙe. Nauyi a tafin hannu yake sauka, kan sandar kuwa ana matse shi ne da haƙarƙari. Yaro yana girma, don haka a riƙa sāke aunawa a kai a kai. Wajen hawan matakala, lafiyayyar ƙafa ce ke fara hawa. Wajen sauka, sanduna da ƙafa mai ciwo ne ke gaba.

A riƙa duba robar kowane mako. Idan zanenta ya shafe, ko ta tsage saboda zafin rana, ko ƙarfe ya leƙo, a sāke ta nan take. Bututun sanduna suna da faɗi daban-daban, an fi samun milimita 19 da 22, saboda haka a tafi da tsohuwar wajen saye. Inda ba a samu ba, guntun tayar mota da aka yanka aka ɗaure da kyau ya fi ƙarfe tsirara. A duba kusoshi da ramukan da ake daidaita tsawo, sandar itace kuma a duba ko gara ta shige ta. Duk wanda ya ji yatsunsa na sanƙarewa ko hannunsa na sakin abu, kada ya jira, ya tafi gidan likita.

Nauyin da ke kan jama'a

Shari'a ta sauƙaƙa wa mai lalura. Suratun Nur aya ta 61 da Suratul Fathi aya ta 17 sun ɗauke ƙunci daga kan gurgu da makaho da majinyaci. Ɗalibin da ya karanta Ahalari ya san cewa wanda ya kasa tsayuwa da kansa a salla zai tsaya a jingine, in ya kasa ya zauna. Amma sauƙin da Allah Ya yi musu bai ɗauke mana haƙƙinsu ba. Amru bin Jamuh (RA) gurgu ne, kuma yana cikin shahidan Uhudu. Aɗa'u bin Abi Rabah gurgu ne, kuma shi ne mai ba da fatawa a Makka a zamaninsa. Malaman tarihi sun ruwaito cewa Halifa Walidu bin Abdulmalik ya ware wa guragu masu yi musu hidima, makafi kuma ƴan jagora, daga baitulmali. A zamaninmu, ƙasar Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu a shekarar 2008, wadda sashenta na 20 ya yi magana a kan samar da kayan tafiya cikin farashi mai sauƙi.

Mu fara da masallatanmu. Da yawa yanzu an daɓe su da tayil mai sheƙi, wurin alwala kuma kullum a jiƙe yake. Robar gindin sanda ba ta cika kama jiƙaƙƙen tayil ba. Kwamitin masallaci yana iya shimfiɗa tabarmar roba, ya kafa ƙarfen kamawa a bango, ya gina gangare a gefen matakala, ya ajiye kujeru kaɗan a ƙarshen sahu. Kada a karɓe sandar mutum a bakin ƙofa kamar takalmi, domin ƙafarsa ce. A tanadi tsumma ya goge gindinta ya shiga da ita. Ƙungiyoyin mata da na matasa kuma suna iya buɗe ɗan asusu don sayen robobi da gyaran kekuna, su kuma haɗa masu waldar unguwa da ma'aikatan sashen ƙashi na asibiti domin su koyi awo. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya sa lalurarsu ta zama kaffara, Ya ba mu ikon sauke haƙƙinsu.